Kyautar da Na Bi Gida-Gida Na Karɓo a Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi bakina bai huta ba. In na je suna Gafasa a tare ni, in na je gaisuwa Gaya a tare ni, ranar kasuwar Ajingi kuwa ko manja ba na saya cikin kwanciyar hankali sai wata ta riƙo min mayafi: "Malama Yagana, wai da gaske ne kin bi gida-gida kina karɓe kyautar da kika bayar?" Labarin har ya yi ƙafafu, na ji an ce wai da 'yan sanda na je. To, tunda na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, ba zan rasa na kaina ba. Ga shi nan, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, raino ne. 'Yata ta fari, wadda ba za ku ji sunanta a bakina ba, ku dai ce Maman Sadik, tana digirinta na uku a kan haɗa magunguna a Kano. Shekara huɗu tana abu ɗaya, kuma duk wanda ya tambaye ni me take yi sai in ce da sukari take wasa. Ana gab da tafiyar ne na zaunar da ita a tsakar gida da la'asar na ce ta yi min bayani da Hausa, don kar in je ƙasar mutane a tambaye ni in yi ta kame-kame. Sai ta tashe ni daga kan kujerata 'yar tsugunno, ta kifar da ita.

"Iya, a jikin ƙwayoyin halittar mutum akwai wasu 'yan gurabe, ido ba ya ganinsu. Saƙon ciwo da na sauƙi duk ta nan suke bi. Magani ba ya aiki sai ya zauna a gurbinsa daidai, kamar a ce an haƙa ramuka uku a ƙasa, ana neman kujerar da ƙafafunta za su faɗa ciki. Ƙafa ɗaya ta kauce, ba zama."

Na ce, "To ina ruwan sukari a ciki?"

"Shi ne katakon da ake zama a kai. Ƙwayar sukari zobe ce mai ƙarfi, ba ta lanƙwashewa yadda ta ga dama, kuma tana da wuri biyar da za a iya kafa ƙafa. Aikina in kafa ƙafafu uku, wannan karon nan da nan da can, wani karon in sauya musu wuri. Kowace kwalba da kika gani kujera ce daban. Abin da nake nema maganin ciwo ne wanda ba zai riƙa bugar da samari ba."

"Yanzu ke shekara huɗu kina sassaƙa kujeru, ba ki san wadda za ta zauna ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Shi ya sa za mu Kumasi."

A wata jami'a a can akwai na'urar da ke nuna wadda ta zauna, kuma sun ba ta 'yan makonni ta yi gwajinta. Wa'adin karatunta ya zo ƙarshe. In wani abu ya sami kwalaben nan, babu lokacin sake wasu, don akwai wadda ta ci wata da watanni kafin a sami abin da bai fi ɗigon hawaye ba. Ga goyo, Sadik, angon nawa, bai isa yaye ba, mijinta kuma ma'aikacin jinya ne a Gaya, ba a ba shi hutu ba. Kuɗin jirgin da aka ba ta na mutum ɗaya ne, amma ya ishe mu mu uku a mota. Shi ke nan sai raino ya faɗo kaina, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

Masauki kuwa mun samu a wurin Hajiya Mariyama, ƙanwar wani mai fataucin goro da marigayi maigidana ya yi hulɗa da shi. Da muka yi waya da ita, ta ce ta ji mu asalinmu Barebari ne, to tana jiran humra. Ni kuma kun san ni da cika baki. Na ce mata, "Hajiya, zan kawo muku turaren da duk zangonku ba a taɓa jin irinsa ba. Ki gaya wa maƙwabta su shirya." Na ɗura humrata a ƙananan kwalabe na naɗe a cikin zannuwana. Baki shi ke yanka wuya, ku riƙe wannan.

Kwalaben Maman Sadik ba su kai ashirin ba, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, da lamba a jiki, abin ciki kuma mai kauri ruwan zuma. Ta naɗe su da auduga ta jera a wata jar kula da ƙanƙara, ta ɗora min a cinya tun daga tashar Ajingi. Doka uku ta kafa min: kar a sa a but ɗin mota, kar rana ta doke ta, kar a buɗe sai in za a sauya ƙanƙara. Haka muka bi ta Gaya da Wudil muka shiga Kano, ita da goyo, ni da kula.

A doguwar motar Legas na fara ɗanɗana kuɗata. Kun san al'adarmu a mota, kowa ya buɗe guzurinsa sai ya ce bismilla. Na fito da dakuwa da ƙuli-ƙulina na raba, amma idon kowa na kan kula. Matar da ke kusa da ni, Hajiya Ladi, 'yar Fagge mai saro atamfa a Kwatano, ta ba ni dambun nama, ta ba ni dabino, ta jira. Da ta ga shiru, sai na ji ta juya tana ce wa ta bayanta, ba ma a hankali ba, "Kajin ciki kuma sai an kai Legas, kar mu sa musu ido." Ni Yagana, da a Ajingi ake cewa hannuna ba ya riƙe abu, yau ni ce marowaciya! Raina ya ɓaci ƙwarai. A Lakwaja da muka tsaya salla na jawo ta gefe na buɗe mata, na yi mata bayanin kujera kamar yadda aka yi min, har da ƙari. Ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. To Allah ya sa ta zauna. Ni kuwa na ɗauka soyayyun zabi ne."

Daga nan ta zama sarkin ƙanƙararmu. Duk inda mota ta tsaya, kafin in gyara ɗankwali ta dawo da ruwan leda mai ƙanƙara, ta kuma yi faɗa da mai sayarwa a kan bai daskare sosai ba. Ita ta fitar da mu daga Legas, garin da ban ga komai a cikinsa ba sai ƙeyar mutane, kowa na sauri kamar ya bar tuwo a wuta.

A bodar Seme na yi zaton zan ji ni baƙuwa. Ina! Mai canjin kuɗi Bahaushe, mai shayi Bahaushe, mai gyaran takalmi ɗan Wudil, har ya san wani ɗalibina. Aka duba fasfo da katin rigakafi, sannan wani jami'i ya nuna kula. Ya karanta takardar jami'a a tsanake, ya ɗaga kwalba ɗaya yana kallonta a haske, ya tambaya ko turare ne. Na tuntsire da dariya na ce wa Hajiya Ladi, ji wannan, wai turare. Da na san abin da ke gabana da ban yi dariyar nan ba. Da aka ce masa daga sukari aka yi, ya ce to yana da zaƙi? Maman Sadik ta ce ba wanda ya taɓa lasa, kuma ba ta ba kowa shawara. Ya mayar, ya yi mana fatan alheri.

A Kwatano muka rabu da Hajiya Ladi, har da 'yar ƙwalla. Garin nan mata ke tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko kallonsu. Na ce da a Ajingi ne da an tashi kasuwa an zo kallo. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ɓawon ya kusa cire min haƙori. A nan na fara ganin teku, na yi salati, na kuma matsa can nesa da taga. Togo kuwa ban san me zan ce muku ba, don angona ya kama nono muna shiga, kafin ya gama barcin da ya biyo baya an ce mun fita. Ƙasa guda sukutum!

A Ankara, babban birnin Gana, muka kwana a wani ɗan masauki kusa da tasha, mai shi ta yarda ta sa mana kula a firij ɗinta. Aka kawo min wani tuwon masara a naɗe cikin ɓawo, dokunu suke ce masa. Na kai loma ɗaya na ji tsami, na kira matar na ce mata cikin mutunci abincin ya kwana. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ashe da gangan suke tsamar da shi. Kafin mu bar ƙasar ni ce mai aika a sayo min, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji nasu. Abin da ban saba da shi ba har na taho shi ne jana'izarsu. A hanyar Kumasi mun wuce wata, an kafa rumfuna, an sa baƙi da ja, ana kiɗa ana rawa, ga hoton mamacin ƙato a bakin titi. Aka ce min ya yi wata biyu da rasuwa, sai yanzu za a binne shi. Mu da ake rasuwa da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar Alhamis da hantsi muka shiga zangon Kumasi, unguwar Hausawa. Hausa ko'ina, sai dai tasu ta sha ruwan wata ƙasa, sai na kasa kunne sosai. Hajiya Mariyama ƙatuwar mace ce mai fara'a, mai saurin magana da saurin hannu, irin matan da kafin ka gama cewa kana jin ƙishirwa sun aika a sayo lemo. Ta rungume mu, ta karɓe Sadik, ta sa aka kawo shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja. Na ce mata mu fata muke rinawa da shi, ta ce su ciki suke rinawa.

Maman Sadik ta ce za ta je jami'a ta nuna kanta, ta ga inda za a ajiye kayan, gobe ta kai su. Ta roƙi a sa kula a firij, aka sa, ta fita. Hajiya ta dube ni tana murmushi ta ce, "To ina alkawari?" Na ce, "Yana nan, Hajiya, na sha wahalarsa a hanya. Bari in ɗan miƙe bayana." Na kwanta da angona a gefe. Rabona da barcin kirki tun Ajingi, sai na tafi kamar an jefa dutse a rijiya.

Salatin 'yata ne ya tashe ni bayan la'asar. Na fito na same ta durƙushe gaban firij, kula a buɗe, ba komai sai jiƙaƙƙiyar auduga. Hajiya na tsaye tana murna tana ba mu labari. Ta ce ta ga yadda na rungumo kular nan ban yarda kowa ya taɓa ba, ta buɗe ta ga 'yan kwalabe a naɗe, ta ce lallai turaren da ake sa wa ƙanƙara ba ƙaramin turare ba ne. Su kuma a zango tsaraba ba ta kwana. Ta ɗauki ɗaya, sauran ta aika gida-gida, kowace da saƙon cewa daga baƙuwarta ce Malama Yagana ta ƙasar Gaya.

Maman Sadik ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Zama ta yi a ƙasa ta ce a hankali, "Iya, gobe Juma'a." Nan na gane. In ba a buɗe ba, kwana ɗaya a waje ba zai kashe su ba. Amma gobe kowace mace za ta nemi turarenta, kuma duk kwalbar da yatsa ya shiga ta tashi daga aiki.

Hajiya da ta fahimta sai ta ɗora hannu a ka. Ta ce ita ba za ta iya ba, shekara talatin tana unguwar nan ba ta taɓa aika abu ta ce a dawo da shi ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma tun ina yarinya uwata ta koya min cewa mai karɓe kyauta ya lashe amansa, kuma da sunana aka kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na dubi yarinyar nan a zaune, na tuna shekarun da take dawowa hutu hannunta duk ƙunar sinadari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance zannuwana na kwaso humrar gaske, na saɓa mayafi na ce, "Hajiya, ke nuna ƙofa kawai. Bakin nawa ne."

Gida na farko na yi sallama, aka shimfiɗa min tabarma, aka yi ta godiyar turare, ni kuwa gumi har cikin kunne. Da ƙyar na buɗe baki na ce, "Baiwar Allah, abin kunya ya kawo ni." Matar ta saurara, ta fashe da dariya, ta ɗauko kwalbar daga cikin kwanon samiru, na ba ta humra. Ta shinshina ta ce ai ita ta ci riba. Kafin mu kai gida na huɗu labari ya riga mu, yara na biye da mu, mata na fitowa ƙofa da kwalba a hannu suna tsokanata: "Ga mai karɓe kyauta nan ta iso!" Wata ta ce sai na yi mata bayanin kujerar tukuna. Na yi, a tsaye a bakin titi, kamar ina gaban 'yan aji uku.

Sai muka zo gidan wata amarya. Ita ba ta jira Juma'a ba. Ta fito tana ɓata rai, ta ce ita fa turaren nan ba ta ji ƙamshin komai ba, sai danƙo. Maman Sadik ta wanke mata hannu da sabulu, ta kwantar mata da hankali cewa ɗan wannan ba zai yi mata illa ba, sannan ta duba lambar. Na ga fuskarta ta sauya. Ita ce kwalbar da ta fi sa wa rai, wadda duk lissafinta ya nuna za ta zauna. Ta ce saura ƙanwarta, mai ƙafafu iri ɗaya da ita, sai dai ƙafa guda da ta kalli wani gefe. Muka ƙirga na hannu. Ƙanwar ce kaɗai ba ta dawo ba.

Hajiya ta ja numfashi ta ce, "Tana wurin Mma Tabawa. Ni dai a ƙofa zan tsaya."

Mma Tabawa tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni, bakinta kuwa duk zango na shakkarsa. Muka same ta a ɗakinta a ƙuryar wani babban gida ana shirin magariba. Ina yin sallama ta ɗago kai.

"Sake faɗa in ji. Wannan Hausar gida ce. 'Yar ina?"

"Ajingi, Mma."

"Ajingi! Ni 'yar Balan ce. Na biyo mai goro ina amarya, da ƙafata da son raina, aka ce shekara biyu za mu yi. Ga ni nan." Ta shafa bakin zaninta, na ga ƙulli. "Ke kika aiko min da wannan? Allah ya yi miki albarka. Ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba. Na gaya wa jikokina, ranar da na tafi a sa min shi a likkafani, in tafi da ƙamshin gida."

Jama'a, ku gaya min, da wane baki ake karɓar wannan? Na dubi ƙofa, Hajiya ta ɓace. Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai, ta yi min alama da hannu wai mu tafi, a bar shi. Wallahi a lokacin ne na ji zuciyata ta karye, don na san abin da take shirin bari.

Na gyara zama na ce, "Mma, ki yafe ni. Abin da ke ƙulle a zaninki ba turare ba ne, ba shi da ƙamshin komai. Aikin yarinyar nan ne." Daga nan ban san inda maganar ta riƙa fitowa ba. Na ce tun tana firamare take tambayar da malamai ke rasa amsarta. Na ce da tsohon ciki take tsayuwa a ɗakin gwaji tun safe har yamma. Na ce a duk zuriyarmu ba a taɓa yin mai haƙurinta da kaifin kanta ba, kuma ni uwarta ina alfahari da ita. Ban taɓa faɗin haka ba, ko a bayan idonta, balle tana zaune.

Tsohuwa ta ce, "Ta fari ce?"

"Ita ce."

"Kike yabonta a gabanta, ba kunya? Lallai abin ya kai." Ta yi wata dariya mai tari. "Ke 'yar nan, matso." Ta lalubi kan Maman Sadik ta shafa, ta kwance ƙullin da kanta. "Ku ji da kyau, har ke Mariyama da ke laɓe. Ni ba a karɓe min kyauta, ban kuma mayar ba. An ba ni, ya zama nawa. Yanzu ni Tabawa na ba jikata. Je ki, Allah ya sa ta zauna."

Humrar rabo ta riga ta ƙare a hanya. Sai na zaro tawa ta jaka, wadda nake shafawa, haɗin da uwata ta koya min, na sa mata a hannu. Ta buɗe ta kai hanci. Can ta ce, "Barebarin Ajingi. Haka suke wucewa ta gabanmu ranar kasuwa." Ta ce wannan kam ba za ta jira likkafani ba, gobe za ta shafa. Muka yi magariba a ɗakinta, tana ta tambayata mutanen Balan, yawancinsu ban san su ba. Ta ce ta bar ƙane, Ɗanlami, rabon da ta ji ɗuriyarsa tun rasuwar mai goro.

Sauran makonnin raino na yi, da cin dokunu, da zuwa hira wurin Mma Tabawa. Maman Sadik ta fara duba kwalaben, ta ce duk lafiyarsu ƙalau ban da ta amarya, har wadda ta yini a bakin zani. Sai gwaji. Kullum ta dawo in dubi fuskarta, ta girgiza kai: wannan ba ta zauna ba, waccan ta ɗan taɓa ta zame. Na daina tambaya, na koma addu'a.

Wata Talata da rana ta kira ni a waya ta ce in goyo Sadik in zo. Aka sa min farar riga a kan mayafina, aka kai ni gaban wata na'ura, shugabar wurin, wata farfesa mai furfura, tana ta murmushi. Aka nuna min wani layi a allon kwamfuta da ya taso ya lanƙwasa. Ni ban ga komai a ciki ba.

"Iya, ta zauna. Sau uku muna maimaitawa."

"Wacce?"

"Ta Mma Tabawa."

Ta fara ce min wai kar in ɗauka magani ne, tukuna, mataki na farko ne, akwai shekaru a gaba, wataƙila ma a ƙarshe ba ita za a sha ba sai jikanyarta. Wa ya tsaya ji? Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin gwajin mutane, Sadik ya firgita ya tsala ihu, wani ɗalibi ya saki abin da ke hannunsa. Farfesa ta tambayi ko lafiya, aka ce mata haka muke yi. Ta ce in sake, tana so ta koya. Da yamma zango ya ɗauka, matan da na karɓe wa kwalabe suka cika gidan Hajiya, kowace na cewa ai tata ma ta kusa zama. A takarda lamba ce sunan abin, amma har muka taho 'yan ɗakin gwajin Tabawa suke ce masa.

Da muka dawo, ban ko gama raba tsaraba ba na hau mota zuwa Gaya, na nemi ɗan acaba ya kai ni Balan. Zumunci a ƙafa yake. Ban sha wahalar tambaya ba, aka nuna min wani tsoho a gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Na kira Hajiya Mariyama ta bidiyo, ta kai wa Mma wayar, na miƙa masa tawa. Ya riƙe ta da hannu biyu. Bayan rabuwar shekarun da suka fi hamsin, kun san abin da Mma ta fara ce masa? "Ɗanlami, har yanzu kana gudun tunkiya?" Tsoho ya yi dariya, ya yi kuka, ya sake dariya, gida ya fito kaf. Na bar musu wayar har cajinta ya ƙare.

To masu tare ni a kasuwa, ga amsarku. E, na karɓe kyautata, kwalba bayan kwalba, ido da ido, ba ɗan sanda ko ɗaya. Guda ɗaya ce kawai ban karɓe ba, ba mu aka yi. Ita ce kuma ta zauna.